Saboda Gafiya Aka Ƙone Mini Yaya

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Isiyaku, wanda mutanen Ikara suka fi sani da Isiyaku Mai Burtu. Duk shekara nakan ɗauki biro da niyyar tuna shi a wannan shafi, sai in ajiye, domin an tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a ambaton mamaci da ɗaga murya. Bana na kasa ajiyewa. Wanda yake neman kalaman sanyaya zuciya ya yi haƙuri ya buɗe wani shafin. Ni da fushi na zo, kuma na daɗe ina goye da shi.

A Janfalan aka haife mu. Mahaifinmu maharbi ne irin na da, wanda ya fara da kwari da baka kafin ya mallaki bindigar toka. Yana da busasshen kan burtu da yake ɗaurawa a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya riƙa rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun yana kiwo, har ya kai ga barewa ba ta ankara ba. Wata damina asu ya cinye wannan kai a cikin rumbu. Baba ya jefar da shi bayan ɗaki. Yaya Isiyaku, yana saurayi a lokacin, ya tsince shi ya kankare, ya cusa masa auduga, ya ɗinka masa maƙogwaro da jan ƙyalle, ya goga gindin kwalba a dutse ya yi masa idanu. Da Baba ya gani ya daɗe yana jujjuya shi a hannu, sannan ya ɗaura. Kafin kaka ta zagayo, maharban Janfalan da na Saulawa duk sun kawo nasu a gyara musu. Nan sunan ya samo asali.

Ba zan mayar da mahaifinmu waliyyi ba. Kisa ne sana'arsa, kuma da naman daji muka yi ƙashi. Amma yana da abubuwan da ko yunwa ba ta sa shi ya taka su. Ba ya shiga daji da damina, lokacin da dabbobi ke goyo. Ba ya harbin abin da ya sunkuya shan ruwa. Ba ya kashe abin da ba za a ci ba, sai in ya shigo yi wa mutane ɓarna. Wuta kuwa, ya taɓa marin babban wanmu, Yaya Musa, a gaban abokansa don ya same shi yana hura hayaƙi a ramin kurege. Cewa yake yi daji gona ce da ba kai ka shuka ba, mai ita yana kallonka.

Yaya Isiyaku bai gaji harbi ba. Idan Baba ya tafi da shi daji, sai ya shagala da kallon yadda gada ke ɗaga ƙafa har ta tsere. Abin da ya gada shi ne ido. Daga baya ya samu aikin shara da wanke kwalabe a ɗakin kimiyya na wata makaranta a Zariya, inda wani malami ya nuna masa yadda ake feɗe tsuntsu a fitar da komai a bar fata da gashi, a yi masa ƙashi da waya, a mayar da shi kamar mai rai. Ya yi shekaru a can, sannan ya dawo Ikara ya kama shago kusa da majema, ya auri Hanne, ya zauna.

Hausa ba ta raɗa wa wannan sana'a suna ba tukuna. Shi cewa yake yi yana tsayar da dabba. Kayan aikinsa ba su wuce wuƙa ƙarama da gishiri da alif da bagaruwa da waya da auduga da zaren buhu ba. Kowa zai iya cusa wa fata tsumma ta kumbura kamar matashin kai. Abin da ya bambanta aikinsa shi ne ya san cewa kowace dabba da irin tsoronta. Zomonsa yana zaune ne a kan ƙafafun baya, kunne ɗaya ya juya wajen ƙofa. Tunkunsa ya miƙe tsaye yana leƙe. Mujiyarsa ta karkata kai kamar ta ji ɓera a jinka. Na ga ranar da karen wani maharbi ya shigo shagon a guje ya cafke zomon nan, ya yi ta girgiza shi, sannan ya sake shi ya tsaya yana kallon mutane kamar mai neman bayani. Ranar ce kaɗai na ga Yaya ya yi dariya har da hawaye, duk da aikin wata guda ne aka yayyaga masa.

Ni malamar firamare ce, har na yi ritaya. Nakan ari dabbobinsa in kai aji, yara su taɓa ƙayar beguwa, su ga yadda farcen shaho yake. Amma kada a ɗauka kullum muna shiri. Ni ce na fara faɗa masa abin da ba ya son ji. Da aikinsa ya fara shiga falon masu kuɗi, sai maharba suka gano cewa akwai kasuwa ga abin da ba a ci. Aka fara kawo masa shaho da zalɓe da muzurun daji, kowanne da labarin wai a mace aka tsince shi. Na ce masa, “Yaya, kai ba ka kisa, amma saboda kai ake kashewa.” Ya yi fushi, ya yi kwanaki ba ya amsa mini gaisuwa da kyau. Daga nan sai na ji ya fara mayar da mutane da kayansu. Abin da aka harba don tukunya, yakan karɓi fatar. Abin da mota ta buge ko ya mutu don kansa, yakan karɓa. Abin da aka kashe don a kawo masa, ba ya taɓawa. Abincinsa ya ragu ƙwarai, Hanne ta sha ƙorafi, bai sauya ba.

Akwai kuma masu cewa gumaka yake yi. Limamin unguwarmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, bai tsaya jin ta bakin mutane ba. Ya taka da ƙafarsa ya shiga shagon, ya duba, ya shafa, ya tambaya. Ya ce shi bai ga sassaƙa ba, fatar halittar Allah ya gani, kuma ba wanda ke rusuna mata. Sai dai ya gargaɗe shi kada a salwantar da rai don ado. Maganar ta kwanta shekara da shekaru, har ranar da aka ga amfanin tayar da ita.

Wani attajiri ne, dillalin rake da motocinsa ke lodi daga Kudan da Makarfi zuwa Kudu. Ba zan faɗi sunansa ba, yana da 'ya'ya da ba su yi mini komai ba. Zan kira shi Alhaji. An kamo masa gauraka a wata fadama ta wajen Kudan, ya sa a tsakar gidansa don baƙi su gani. Ina cikin shagon ranar, na dawo da tunkun da na ara, sai ga motarsa ta tsaya. Direbansa ya buɗe baya ya fito da tsuntsun, an ɗaure masa ƙafafu da igiya, tukkun kansa kamar zaren zinariya, yana ta waige-waige.

Bayan an gaisa Alhaji ya ce, “Malam Isiyaku, aiki na kawo maka. Ka san yadda za ka yi da shi gashin bai ɓaci ba, ka tsayar mini da shi a falo.”

Yaya ya ce, “Ranka ya daɗe, ai wannan da ransa.”

“Ran ne ya dame ni. Ya hana iyalina sakat da kuka, ya ɓata mini tsakar gida da kashi.”

“Abokiyar zamansa yake kira, Alhaji. A ba ni shi in mayar da shi inda aka kamo shi, da ƙafata zan je. Ni matacce nake tsayarwa.”

Alhaji bai yi musu ba. Ya dubi direban ya nuna masa tsuntsun da haɓa. Direban ya danne shi da gwiwa ya murɗe masa wuya a nan bakin ƙofa, ba wuƙa, ba bisimilla. Fikafikan suka yi ta dukan ƙasa har suka gaji.

Alhaji ya ce, “To ga shi ya mutu. Sai ka yi aikinka.”

Na zaci Yaya zai kore su. Sai na ga ya durƙusa ya ɗauki tsuntsun ya shiga da shi ciki. Da motar ta tashi na bi shi ciki, na ce, “Yanzu karɓa ka yi?” Bai ɗago ba. Ya ce, “Rakiya, je ki gida. Zan yi masa aiki.”

Ya yi masa kuwa, kuma ban taɓa ganin aikin da ya kai wannan kyau da muni a lokaci guda ba. Bai miƙar da shi tsaye ba. Ya kwantar da shi a kan katako yadda ya faɗi a bakin ƙofa: wuya a murɗe, baki a buɗe, fiffike ɗaya a shimfiɗe, ƙafafu a sandare da igiyar nan ta Alhaji a jikinsu. Tukkun kuwa ya taje shi gashi ɗai-ɗai, yana ƙyalli. Idon da ya yi masa yana kallon duk wanda ya tsaya a kansa. Ya ajiye shi a bakin shago ya sha iska. Majema suka gani, masu wucewa suka gani, mata masu kai niƙa suka tsaya suna salati. Kafin direba ya zo ɗauka, labari ya riga ya kai kasuwar Makarfi, har 'yan lodin rake suna yi wa juna ba'a da murɗe wuya idan motar Alhaji ta shigo. Mun ji cewa da aka sauke masa shi a falo ya yi ƙwallo da shi, ya sa aka watsa a juji.

Wasu sun ce tsokana ce. Tsokana ce mana. Mutum ba shi da kotu, ba shi da ɗan sanda, ba shi da ƙarfin damtse, sai allura da waya, ya faɗi gaskiya da abin da yake da shi. Idan wannan tsokana ce, ina ma a ce tana da yawa a ƙasar nan.

Alhaji bai aiko a doki Yaya ba, manya ba sa wahalar da kansu haka. Kawai sai tsohuwar maganar gumaka ta farka. A lokacin tsohon liman ya rasu. Aka fara cewa Mai Burtu da aljanu yake aiki, wai da dare dabbobinsa suna yawo, wai shi ya sa matar wane ta yi ɓari. Mutanen da suka kawo 'ya'yansu kallon zomo jiya, su ne suka riƙa tofar da yawu idan sun wuce. Hukumar makarantarmu ta ce in daina kai kayansa aji. Mai shagon, wanda ƙaninsa ke tuƙa wa Alhaji mota, ya zo da kunya a fuska ya ce yana buƙatar wurinsa. Yaya ya zagaya Ikara, babu wanda ya yarda ya ba shi ɗaki. Gidansu ciki ɗaya ne da rumfa, ga yara. Sai ya kwashe aikin shekara ashirin a amalanke ya kai gonarsa ta wajen Saulawa, ya yi musu bukka da kara da jinka, ya riƙa zuwa kullum a keke.

Abin da ya faru ranar, daga bakin wani makiyayi na ji shi, Malam Jauro, wanda rugarsu ke kusa da gonar. Bayan girbi ne, ciyawa ta bushe ƙarau, iska na kaɗawa. Da hantsi wata ƙungiyar samari 'yan farauta suka fito da karnuka da kulake. Ba barewa suke nema ba, don ta daɗe da ƙarewa. Gafiya suke bi. Suka kewaye wani fili suka kyasta ashana ta ɓangaren da iska ke tasowa, don duk abin da ke rami ya fito su kwaɗe shi. Wutar ta tsallake filin ta kama karan dawa da aka tara, ta nufi bukkar. Samarin da suka ga ta fi ƙarfinsu suka ranta a na kare.

Yaya yana bakin rafi yana wanke fata lokacin da ya hango hayaƙin. Malam Jauro ya ce ya gan shi ya shiga ya fito da gada ya ajiye a fili, ya koma ya fito da wasu a rungume. Malam Jauro ya yi masa magana da ƙarfi kada ya sake komawa. Yaya ya koma. Jinkar ta rufto. Malam Jauro ne ya jiƙa rigarsa ya kutsa ya jawo shi, shi ma har yau hannunsa na dama a ƙanƙance yake.

Ya yi kwanaki a asibiti kafin Allah ya karɓi abinsa. Ba zan kwatanta yadda na same shi ba. Ranar da ya samu bakin magana, abin da ya fara tambayata shi ne waɗanne ne suka tsira. Na lissafa masa: gada, mujiya, tunku, beguwa, da tsohon kan burtun Baba. Sannan na kasa riƙe kaina na ce, “Yaya, fata ce fa. Fata da auduga. Ka bar Hanne da yara saboda fata?” Ya ce, “Fata ce. Amma dajin nan ya daina yin irinta.”

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a bainar jama'a ba: har da shi nake fushi. Na fahimci amsarsa, ban karɓe ta ba. Babu gadar da ta kai ran uban yara. Na yi shekaru idan na tuna shi sai in ji ina yi masa faɗa a zuciyata kamar yana zaune a gabana yana zare allura. Amma nawa fushin da shi na 'yar'uwa ne, yana tafe da kuka. Wanda zan faɗa yanzu ba shi da hawaye.

Bayan addu'ar bakwai aka kira zaman sulhu a zauren mai unguwa. An gano samarin, an kawo su da iyayensu. Aka yi wa'azi a kan ƙaddara, aka ce kwana ne ya ƙare, aka ce yara ne ba da gangan suka yi ba, aka ce ai farauta gadonmu ce. Yaya Musa, wanda Baba ya mara saboda hayaƙi a ramin kurege, shi ya miƙe ya ce iyali sun yafe duniya da lahira. Hanne tana ɗaki tana takaba, ba wanda ya leƙa ya tambaye ta. Ni ina tsakar gida, ban ji an ce ina Rakiya ba. Aka shafa fatiha aka watse kafin la'asar. Ba a ce wa kowa ya daina sa wuta ba. Ko a baki ba a faɗa ba.

Alhaji ma ya zo ta'aziyya. An shimfiɗa masa darduma a gaba, ya sauke buhun shinkafa, ya yi doguwar addu'a da murya mai daɗi, ya ce garin ya yi rashin mai fasaha. Mutanen da suka tofar da yawu a ƙofar shago suna bayansa suna cewa amin. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Sai a ranar na san ma'anar karin maganar nan. Samarin da suka kyasta ashana ba su san ko bukkar wane ce ba. Waɗanda suka kore shi daga gari zuwa cikin busasshiyar ciyawa sun sani sarai.

Na yarda da ƙaddara, da ita zan mutu. Amma ban yarda a mayar da ita bargon rufe ɓarna ba. Wanda ya haƙa rijiya a kan hanya ya rufe ta da kara, ba ya cewa ƙaddara idan makaho ya faɗa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Da ya tsaya a bakin titin Makarfi da rani ya ga manyan motoci shaƙe da samari da karnuka, daga garuruwa masu nisa, ana kiɗa ana kaɗa adduna, za a shiga dajin da ba su san sunan ko itace ɗaya a cikinsa ba. Da ya ga ana zuba maganin ƙwari a kududdufi don a kwashi tsuntsayen da suka zo sha, shanun su Malam Jauro su sha ragowar. Da ya je mahauta ya ɗaga kai ya ga babu ungulu ko ɗaya, an kwashe su an sayar wa masu magani. Da jikansa ya nuna masa a waya yadda ake ɗaukar hoton bushiya ana wasa da ita da sanda kafin a kashe, mutane suna turo dariya. Ina jin ba zai ce komai ba, don shi ba mai yawan magana ba ne. Zai nemi allura da waya. Sai dai ban san abin da zai samu ya tsayar ba.

Kada wani ya ce na zagi maharba. Ni 'yar maharbi ce. Na san dattawa a Gubuchi da Janfalan da har gobe ba sa ɗaga bindiga da damina, kuma na san cewa a shekarun nan na rashin tsaro maharba da yawa sun kwana a bakin ƙauyuka suna gadinmu, wasu sun bar ransu a can. Na kuma san akwai gidan da gafiyar nan ita ce naman da yara za su gani a wata. Yunwa ba wasa ba ce. Amma yunwa ba ta ce ka ƙone gonar maƙwabcinka da harawar dabbobinsa da ƙwan da ke cikin sheƙa don ka cika tukunya ɗaya ba. An ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Mu mun ƙone namu, kuma har yau ban ga kasuwar tokar ba.

Dabbobin da suka tsira suna cikin wani kabad a makarantar da na koyar. Bayan Yaya ya mutu sai aka tuna cewa ba gumaka ba ne, aka karɓa. Na leƙa su kwanakin baya. Asu ya fara cin bayan mujiyar, kunnen gadar ɗaya ya ɓalle, don babu wanda ya san yadda ake kula da su. Wata sabuwar malama, yarinya mai hankali, haifaffiyar Gubuchi, ta buɗe mini kabad ɗin. Ta nuna gadar ta ce, “Hajiya, wannan daga wace ƙasa aka kawo ta?” Na ce mata a bayan garinsu aka harbe ta, kuma kakanta ya ci irin namanta har ya gundure shi. Ta yi murmushi irin na wadda ba ta son ƙaryata babba.

Da ƙaramar sallar da ta wuce wani mutum ya yi sallama a gidana. Magidanci ne matashi. Ya durƙusa a bakin zaure ya ƙi hawa tabarma. Ya ce yana cikin samarin da suka sa wutar, kuma a hannunsa ashanar take. Ya ce an ce an yafe musu, amma shi bai taɓa jin an sauke masa komai ba, kuma ya samu labari ni da Hanne ba a tambaye mu ba. Ya riga ya je wurin Hanne, ta ce ta bar shi da Allah. Ya ce, “Hajiya, ki yafe mini.”

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Shi kaɗai ne a cikinsu duka, manya da yara, ya tako ƙofata. Na ce masa, “Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka daina sa wuta?”

Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Can ya ce, “Hajiya, ni ba na kyastawa yanzu. Amma in an fita ina bi. Kowa yana yi.”

Na ce, “To tashi ka je. Ranar da ka tsaya a gaban abokanka ka hana su, ko da za su yi maka dariya, ka dawo. Ran nan zan yafe maka, in dafa maka abinci da hannuna.” Ya tashi ya tafi. Bai dawo ba tukuna. 'Ya'yana sun ce na yi tsauri, wai tsohuwa ba ta riƙo. Wataƙila. Amma an riga an ba shi yafiya ta kyauta sau ɗaya, kuma ga abin da ta haifar.

Idan na auna abin da ya rage na Isiyaku, ba shi da nauyi a sikeli. Bai bar almajirin sana'a ba, don babu uban da ya yarda ɗansa ya koya. 'Ya'yansa sun kama wasu hanyoyi, ban ga laifinsu ba. Fatun da ya ba da ransa dominsu za su zube nan da 'yan shekaru, a share su da tsintsiya. Abin da ba zai zube ba shi ne an taɓa yin mutum a Ikara, talaka mai ciki ɗaya da rumfa, wanda ya san bambancin kisa don ci da kisa don nishaɗi, aka matsa masa ya manta, ya ƙi. Ya biya wannan ƙin da shagonsa da mutuncinsa a idon gari, daga ƙarshe da fatar jikinsa. Waɗanda suka sa shi biya suna nan suna gaisawa da mutane a sahun gaba.

Allah ya jiƙan Isiyaku ɗan maharbi, ya sa ƙunar da ya sha ta zame masa kankarar zunubi, ya saka wa Malam Jauro da hannun da ya fi wanda ya rasa. Mu kuma da muka rage, masu sa wuta da masu kallo da masu cewa a yi haƙuri, kada Allah ya sanyaya mana zuciya a kan wannan magana sai mun gyara.